An Ce In Ɓatar da Allon Malam Waliyyu

Assalamu alaikum Malam Safwan. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka sakaya sunana, don babu wanda bai san ni ba a tashar Jega.

Ni direba ne, haifaffen Jiga Birni, ina ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu. Malam Waliyyu shi ya koyar da ni a sakandare. Ya koyar a Maiyama, ya koyar a Jega, ya ƙare a Aliero, har ya yi furfura da alli a hannu. Bana ya ajiye aiki ya fito takarar ɗan majalisar dokokin jiha. Da na ji, sai na ba wani direba motata, na je na ce ni zan riƙa tuƙa shi har a yi zaɓe.

Ranar farko na ga an ɗauro allo a saman mota, irin baƙin allon aji. Na zaci wasa ne. Ashe duk garin da munka je, Malam ba ya hawa dandamali, ba ya son kiɗa. Sai ya jingina allo a gindin itace ya ɗauki alli, ya fara koya wa mutane mene ne aikin ɗan majalisa. Ya ce ɗan majalisa ba ya gina hanya, ba ya raba babura, aikinsa yin doka da duba kasafin kuɗi da tsare kwamishina da tambaya. Ɗan takara ne fa, yana lissafa wa mutane abin da ba zai yi masu ba!

Amma Malam Safwan, da ka ga abin da na gani a Danwarai. Bayan la'asar ne, ana tsakiyar cirar albasa, mutane sunka taso daga fadama da laka a ƙafa. Samarin da sunka zo yin ihu sunka yi tsit. Na ga dattijo mai farin gemu ya ɗaga hannu kamar ɗan aji, ya jira sai da anka ba shi izini sannan ya yi magana. Wata tsohuwa, Inna Gudiya, ta aiko daga bayan zana a tambaya mata, in ba ɗan majalisa ke gina asibiti ba, wa za su riƙe kan nasu da rufinsa ya yaye? Malam ya goge allo da hannun rigarsa, ya zana mata hanyar da maganar ke bi tun daga garinsu har Birnin Kebbi. Har anka kira magariba babu wanda ya motsa, kuma babu wanda ya roƙe mu komai. Na daɗe ina kai mutane taron siyasa, ban taɓa ganin irin wanga ba.

To ga matsalar. Dattawan jam'iyya sun ce Malam zai kashe su da ransu, wai darasi ba ya kawo ƙuri'a. Babbansu Alhaji Maigari, dillalin albasa, shi ke ba ni lodi tun ina sabon direba, shi ya tsaya mini lokacin aurena. Ya kira ni ya ce babu mai iya kallon idon Malam ya hana shi, don rabinsu ɗalibansa ne. Saboda haka kafin babban taron da za a yi a Aliero, in kwance allon in yar, in ce iska ta fizge shi a hanya. Ya ce in ban yi ba, in nemi mai ba ni lodi bayan zaɓe.

Alhaji ba mugu ba ne, so yake Malam ya ci. Ni ma haka. Wani lokaci sai in ce ƙila gaskiyarsa. Amma in na tuna zan tsaya gaban Malam in shirga masa ƙarya, sai in ga ba zan iya ba. Ina da mata da 'ya'ya. Me zan yi?

Naka, Direban Malam, Jega.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana direba.

Na karanta littattafan siyasa gwargwadon hali, na kuma sha rana a tarurruka, amma ban taɓa jin ɗan takarar da ya tara jama'a don ya rage musu buri ba. Da wani ne ya ba ni labarin a majalisar shayi, da na ce ya ƙara gishiri. Sai da na maimaita karanta labarin Danwarai. Irin wannan mutum ba kullum ake samunsa ba, kuma kai Allah ya ba ka kujerar gaba.

Kada ka yar da allon. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce marar amfani. Mutumin da ya koyar a ƙauyukan da babu ko benci, kana tsammanin rashin allo zai tsayar da shi? Bangon gidan dagaci zai samu, ko ƙofar motarka, ya ci gaba da gawayi. Ka zubar da mutuncinka, darasi kuma bai fasa ba.

Sai dai Alhaji Maigari yana da tasa gaskiyar. Na duba wasiƙarka sama da ƙasa, ban ga inda Malam ya faɗi abin da zai yi ba, ban kuma ga inda ya roƙi ƙuri'a ba. Wannan ciwon malamai ne, ina da su a dangi: sun saba su ake roƙo, su ke ba da maki. Yanzu kuwa jama'a ke ba da makin. Manomi zai iya yin tsit don girmamawa, ya koma gida cike da ilimi, ranar zaɓe ya dangwala wa wanda ya ce masa don Allah.

Saboda haka ka samu Malam shi kaɗai, ka durƙusa kamar yadda ka saba, ka faɗa masa damuwar dattawa. Ba sai ka kawo zancen iska ba, kada ka haɗa manya faɗa. Ka roƙe shi ya taƙaita darasi, ya bar gefe guda na allon ya rubuta abin da zai tsaya a kai in ya shiga majalisa, sannan ya juyo ya nemi ƙuri'a da bakinsa. Zai yi masa nauyi fiye da duk jarrabawar da ya taɓa zama, amma malamin kirki yana karɓar gyara.

Daga nan ka je wurin Alhaji da ƙafarka, kada ka aika. Ka ce masa wanda ya iya yi wa malaminsa ƙarya yau, gobe zai iya yi wa ubangidansa a kan lodi. Dillali ne, ya san darajar direba mai amana. Ka gayyace shi taro ɗaya na ƙauye ya zauna a baya ya gani da idonsa. Ba zan ruɗe ka ba, yana iya yin fushi ya hana ka lodin. In haka ta faru za ka ji jiki na ɗan lokaci, amma Aliero ba ta rasa mai neman direban da aka san bai ci amana ba.

Ko Malam zai ci, Allah kaɗai ya sani. In ya ci, majalisa ta samu wanda zai karanta kasafi har shafin ƙarshe. In kuma ya faɗi, tausayina yana wurin wanda ya kayar da shi, domin zai wakilci mutanen da suka san aikinsa sarai, kuma sun koyi yin tambaya.

Allah ya tsare maka hanya, ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Ka gaishe mini da Malam.

Safwan Yaro