Na Buɗe wa Iya Aji

Daudawa,
12 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga Yaya Mamuda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Yaya Kaduna, yaya aikin masaƙa? Mu nan lafiya lau, an gama cirar auduga.

Yaya, ƙanwarka ta sha kunya. Hedimasta ya yi mana gwaji, na zo ta ashirin da uku cikin talatin! Ya ce saura gwaji ɗaya, kuma goman farko kaɗai za su je Faskari jarrabawar shiga sakandare. In ban shiga ba, karatuna ya tsaya a aji bakwai ke nan. Abin haushin, littafin karatunmu na haddace shi tas, amma da an juya tambaya sai in kama cizon fensir.

Jiya ina rera haddata a tsakar gida, kakarmu Iya ta ce na cika mata kunne, in faɗa mata da Hausa abin da nake cewa. Wallahi na buɗe baki na rasa ta cewa. Ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce daga yau kullum bayan la'asar sai na koya mata darasi guda.

Kowa yana gaishe ka.

Ni ce ƙanwarka,
Suwaibatu.

Daudawa,
27 ga Fabrairu, 1977.

Yaya Mamuda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ciwon haƙorin nan ya sake ka.

Ban taɓa ganin ɗaliba mai gardama irin Iya ba. Komai na faɗa sai ta tambayi dalili. Har yau ba ta yarda duniya tana juyawa ba, wai da tuni ruwan randarta ya zube. Ran nan na ce mata ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa uku, tunda huɗu ta fi uku. Ta aika aka sayo rake biyu kai ɗaya, ta sara guda gida uku, guda gida huɗu, ta miƙo mini gutsuren na huɗun, ta ce in sha babban tunda ni ce malama. Wannan lissafin kam ya zauna.

Yanzu duk tambayar da ta kayar da ni sai in rubuta, da safe in kai wa malaminmu, Malam Hadi. Har ya fara tambayata me Iya ta aiko da shi yau.

Albishirinka! An yi gwajin, na zo ta shida. Zan je Faskari.

Ka taya ni da addu'a.

Taka,
Suwaibatu.

Daudawa,
20 ga Agusta, 1977.

Yayana,

Ina gaishe ka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Damina ta yi kyau, dawar Baba har ta fi shi tsawo.

Na ci, Yaya! Takarda ta zo, an ba ni makarantar 'yan mata ta kwana. Iya ta rangaɗa guɗa, ta bi gida-gida tana shaida wa mutane wai mun ci.

Sai dai tun da aka fara haɗa mini akwati gardamarta ta ragu, ni ma murnar tawa ta koma rabi. Jiya muka yi darasin ƙarshe. Mun tsaya a kan wata, abin da ya sa yake girma ya kuma ragu, ba mu gama ba aka kira magariba. Na ce bari in ƙarasa mata a gurguje, ta ƙi. Ta karyo tsinken tsintsiya ta sa a shafin da hannunta, ta rufe littafin, ta ce kada in kuskura in daɗe, daga nan za mu tashi in na dawo hutu.

Ranar Talata motar Funtuwa za ta ɗauke ni. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Suwaibatu.