Awa Biyu Cikin Waya, Kwana Ukku Bisa Hanya

Hajiya Adawiyya, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Babanmu ya rasu watan jiya nan Allakaye, Allah shi jiƙan shi. Ran Litinin da sahe, da ciwon ya yi tsanani, na kira wana Yaƙubu mai sai da albasa a Abijan. Ya ce ga shi nan tahe, jirgi ma za shi shiga. Baba ya cika ran Laraba da la'asar yana tambayar ko ya iso. Yaƙubu bai shigo gida ba sai Alhamis da magariba, an daɗe da yin sutura.

To, wurin zaman makoki, Hamza ɗan baffanmu, da bakinshi ba ya da linzami, ya latsa waya ya gwada ma mutane wai daga Abijan zuwa Yamai awa biyu ce cikin jirgi. Magana ta kai kunnen Inna. Tun rannan ba ta amsa gaisuwar Yaƙubu. In ya durƙusa ƙohwar ɗakin da take takaba, sai ta juya ma bango. Ta ce awa biyu ko kasuwar Buza ba ta kai ta bisa amalanke, amma ɗanta ya kwana ukku.

Ni ma na ruɗe wallahi, don na ga abin cikin wayar da idona. Takardar jirgin nashi kuma ta ce ya tashi ƙarhe goma na sahe ya sauka ƙarhe ɗaya na rana. Ukku ke nan fa! Kuma Laraba aka rubuta. Wa ke ƙarya, waya ko wana? Shi ya yi gum, sai ramewa. Bayan sadakar arba'in za shi koma, ina jin tsoron su rabu haka.

'Yar Allakaye

AMSA

'Yata, Allah ya gafarta wa mahaifinku. Lissafin wayar daidai ne, kuma ban ga alamar ƙarya ga wanki ba.

Tsakanin biranen nan kilomita dubu da ɗoriya ne, kusan awa biyu a sama. Agogon Yamai ya riga na Abijan da awa ɗaya, ita ce ta ukun da kika gani. Amma waya ba ta ƙirga neman kujera, don ba kullum ake samun jirgi ko wuri ba. Ba ta ƙirga kusan kilomita ɗari biyar daga Yamai zuwa Madawa, balle Buza da hanyar garinku.

Inna tana da hujjar jin zafi, ta ji mijinta yana kiran ɗansa. Yaƙubu kuma ya yi kuskure da ya yi shiru. Ki tambaye shi a hankali abin da ya tsare shi Litinin da Talata. Sannan ki samo baffanku ya zauna da Inna, ya bi mata tafiyar zango zango. Hamza kuwa, a ce masa ya bar wayarsa a gida.

A tabbatar an gaya mata wannan: sa'ad da Baba yake cikawa, ɗanta yana Yamai yana neman motar gida. Kada ki bari ya ɗaure kaya ba ta ji ba.

Allah ya ba ku haƙuri, ya daidaita tsakaninsu.