Tikin Da Na Tono Ashe Na Gidana Ne

Anti Dineo, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan yi da-na-sani, don raina a ɓace yake.

Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a nan Kimberley. Tun da matata ta rasu na lafe a gida, ga ciwon zuciya, likita yana ta faɗan in riƙa taka ƙafa. Sai 'yata Lizelle ta saya mini na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa. Na shiga ƙungiyar masu neman tsofaffin sulalla, duk Asabar muna lambun shaƙatawa na unguwarmu. Wata da watanni ba abin da nake tonowa sai marafan kwalba da ƙusoshi, har na ce zan cusa na'urar a ƙarƙashin gado. Kwatsam sai sa'a ta buɗe. Tiki, ɗan ƙaramin sulen azurfar nan na da, yau ɗaya a gindin bishiya, wani makon ɗaya kusa da benci. Ƙungiya ta ba ni kofin gwanin shekara, na shiga cika baki.

Ranar da muka taru gashin nama, Gawie, wanda na ƙwace wa kofin, ya ɗaga wani tiki cikin waɗanda na tono ya ƙura masa ido ya ce, "Tsoho, wannan ai cizo ne a jikinsa. Ƙasar lambun ce ta yi haƙora?" Aka tuntsire da dariya, ban da ni. Na san cizon nan. Marigayiya takan ɓoye tiki a cikin kek ɗin Kirsimeti, wata shekara na gartsa wa ɗaya cizo har haƙorina ya guntule. Na koma gida na buɗe gwangwanin da take ajiye su, wayam!

Da na tuhumi Lizelle, ko musu ba ta yi ba. Wai ita ke zuwa tana binne su kafin ta wuce aiki, "don Baba ya riƙa fita." Ji mini yarinya! Ta mai da ni jariri, ta mai da ni maƙaryaci a idon mutane, kuma kayan uwarta ta je ta watsa inda karnuka ke tono. Biyu ma har yau suna can, wai ta manta wurin. Na daina ɗaga wayarta, na'urar ma ina shirin mayar mata. Da wane ido zan dubi Gawie?

Tsohon da aka yi wa wayo, Kimberley

Baba, fushinka yana kan hanya. An yaudare ka, an kuma taɓa abin da matarka ta bari ba tare da an tambaye ka ba. Ka faɗa wa Lizelle haka, baki da baki. Ƙin ɗaga waya ba ya isar da saƙo.

Amma ka duba ɗaya ɓangaren. Yarinyar nan ta binne uwarta, ta juyo ta ga ubanta ya kama hanyar bin ta. Tsoro ne ya sa ta tsugunna a lambu tana haƙa rami, ban ga raini a ciki ba. Dabararta ba ta da kyau, sai dai ga ka nan da ƙarfin yin faɗa.

Kofi kam ka mayar, da hannunka, ka faɗi yadda aka yi. Za su tsokane ka, ka taya su dariya ya wuce. Ba ka yi ƙarya ba, tunda ba ka sani ba.

Na'urar kuwa kada ka mayar. Tikin matarka biyu suna cikin ƙasa, wadda ta binne su ma ba ta san inda suke ba, wannan nema na gaskiya ne. Ka kira 'yarka ranar Asabar, ta riƙe shebur kai ka riƙe na'ura, ku dawo da su gida kafin Kirsimeti. Allah ya ƙara lafiya, ya huci zuciyarka.

Anti Dineo