Gawayin da ka bari a bangon ɗaki

Zuwa ga yayana Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina sanar da kai cewa ranar Asabar za a yi wa ɗakinka yaɓe. Damina biyu ke nan da rasuwarka, bangon gabas ya tsage, ruwa na bi ta ciki. Baba ya ce in aka ƙara jinkiri zai faɗi. Sau biyu ina hanawa, bana ba ni da bakin magana.

Ka san abin da ke jikin bangon nan. Da na ce ina so in koma karatu bayan na bar shi a aji shida, ba ka yi dariya ba. Ka ɗauko gawayi a murhun Inna ka ja layi daga sama har ƙasa. Dama, kalmomin Turanci da ke jawo "to" a bayansu. Hagu, masu son "-ing". Na tambaye ka dokar, ka ce: "Kamar shanun Ardo ne, sai ka zauna da kowace ka san halinta."

Kullum in ka taso daga makarantar da kake koyarwa a Tudun Wada, sai ka rubuta kalma ɗaya a kan layin tsakiya, ni kuma in nemo mata gida. In na kuskure ba ka faɗa, sai dai ka ƙwanƙwasa bangon sau biyu da bayan yatsa.

Ranar da za ka Doguwa gaisuwar mutuwa ka rubuta "suggest", ka karkaɗe hannunka a jikin wando, ka ce in ka dawo in ba ka amsa. Motarku ba ta wuce dajin Falgore ba.

Yaya, na daɗe da sanin amsar. Hagu ce. Amma duk ranar da na ɗauki gawayi sai in mayar da shi, don in na rubuta, aikin da ka ba ni ya ƙare, kuma ba wani a bayansa. Har yau in ina cike takardar gwaji da rana tsaka, alƙalami ya karkata inda bai dace ba, ina jin ƙwanƙwasar nan biyu. Inna ta ce ƙadangare ne a azara. Ban musa mata ba.

Na kwafe komai a littafi, amma littafi bai san tsayinka ba. Kalmomin sama sai na yi ɗage nake kai musu.

Yau da hantsi na shiga, na rubuta "suggest" a hagu, a ƙasan kalmar ƙarshe. Na tsaya na jira. Shiru.

Ni zan kwaɓa ƙasar da kaina. Rubutunka da nawa za su zauna a cikin bango, inda ruwa ba zai taɓa su ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya sa in na zo in tarar da kai cikin rahama.

Ƙaninka,
Sabi'u, daga Yako