Binnen da Na Yi

Litinin, 2 ga Jimada Awwal, 1260

Yau na binne gero a gonarmu ta bayan Ƙofar Dundaye, ƙasa a bushe. Damina ta farko ke nan ba Baba. Na yi hisabin taurari sau uku, ruwa ba zai wuce kwana biyar ba. Baffa Illo, ƙanen Baba, ya tsaya bakin gona: "Maccido, mi kaka yi haka? Raga rabin iri, ɗana. Ƙasa ba ta karatu." Na yi dariya. Duka na zuba, ko tafi guda ban rage ba.

Alhamis, 5

Yayyafi kawai. Ko ƙurar tsakar gida bai kashe sosai ba. Da ma bai zo ba.

Lahadi, 8

Ya tsiro. Abin da ake gudu ke nan: laimar ta isa ta tashe shi, ba ta isa ta riƙe shi ba. Sama fes. Inna ta tambayi gona, na ce lafiya lau. Ƙarya ga mahaifiya, ga malami guda. Astagfirullah.

Laraba, 11

Tsoro nake ji, gara in rubuta. Abin da ke rumbu ba zai kai mu kaka ba sai da dabara, in kuma babu kakar fa? Matata Saudatu cikinta wata shida. Na lura ta rage tuwonta tana ƙara mini. Ban hana ba, kunya ta hana ni nuna na gani.

Juma'a, 13

An fita roƙon ruwa. Na juya riga kamar kowa. Sai nake ji duk sahu sun san abin da na yi.

Talata, 17

Ya ƙone.

Alhamis, 19

Na je gona da sassafe kada a gan ni. Na tona rami goma sha wani abu, ko akwai ƙwayar da ba ta tashi ba. Babu. Irin nan Baba ya zaɓe shi zangarniya-zangarniya kafin ya kwanta ciwo, ni na hallaka shi a yini ɗaya. Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka, gemu da komai.

Asabar, 21

Inna ta sani, ashe tun tuni. Ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Tashi ka tai gidan Baffanka. In ba ka zuwa, ni in tai da ƙahwata." Na je. Na durƙusa a zaure, na fara bayani. Bai bari na gama ba, ya sa aka kawo maiwa ƙwarya biyu, ita tana jure shukar baya. "Ita ɗai ta rage min. In ta tahi, mun tahi tare." Da ya zage ni da ya fi sauƙi.

Laraba, 2 ga Jimada Akhir

Ruwa ya sauka jiya da la'asar, mai yawa, har kwararo ya cika. Makwabta sun fita tun asuba. Hisabina ma ya ce yau. Saudatu ta miƙo sungumi, na karɓa. Maiwar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ban wuce gona ba. Na zauna a dakalin ƙofar Baffa, ƙwarya a cinya, har rana ta ɗaga. Da ya fito ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Gobe."

Na dawo gida da maiwar, ban shuka ba. Wai don ƙafata na ciwo, haka na gaya wa Inna.