Don Ni Mace Ce Suke Kirana, Alhali Namiji Ke Gyara Min Hotunan

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san na yi laifi, ba sai an tuna min ba. Shawara nake nema, don wallahi na gaji.

Ni mai ɗaukar hoton biki ce, tsakanin Makarfi, Ikara da Kudan nake yawo da kyamarata. Ba don na fi maza iya hoto ake nemana ba, don ni mace ce kawai. A ƙauyukanmu akwai gidajen da namiji mai hoto iyakarsa zaure. Ni kuwa har ƙuryar ɗaki nake shiga, ranar sa lalle, ranar kamu, lokacin da amarya ke zaune da ɗaurin ƙirji kitso a waje, ƙawaye sun yar da mayafai suna ta cashewa, iyaye mata ma sun saki jiki. Da wata tsohuwa ta fara hararar kyamara sai a ce mata, "Ƙyale ta, ai mace ce." Kuma ni da bakina nake gaya wa kowane mai gida cewa daga hannuna sai hannun amarya, babu idon namijin da zai gani. Da wannan alkawarin na samu suna, ba da komai ba.

Amma wa ya san wahalar da ke bayan hoto? Ɗauka ba ta da wuya, gyara ne ke cin mutum. Kowace amarya da nata: "Anti a ƙara min haske," "Anti a cire min ƙuraje," "Anti a rage min kumatu." Wata baƙa ce kyakkyawa son kowa, amma sai kin mayar da ita kamar an wanke ta da madara, har uwar da ta haife ta ta tsaya tana tambayar wace ce. Ga wuta ba ta zama, ga kwamfutata ta tsufa, ga lokacin da aka sayar da rake aka samu kuɗi bukukuwa sai su taho a jere kamar an kira su. Idona ya fara ruwa, bayana ya riƙe, yarana sai dai su ga ƙeyata. A cikin wannan halin na ji labarin wani mai gyaran hoto a Kaduna, ka tura masa ta waya ya gyara ya dawo maka da su tas. Ban taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai na sani. Da farko hotunan ɗaurin aure nake tura masa, maza zalla da manyan riguna. Daga nan na ce to, na mata masu hijabi ai ba komai. Ban san ranar da na daina zaɓa ba, sai dai na ga ina kwashe komai ina turawa, har na cikin ɗaki. Zuciyata takan ce min, wance, wannan fa amana ce, sai in ce mata ai shi aiki yake yi, wa ya sani a ƙauye irin Gubuchi? Da aka yaba hoto kuwa sai in yi murmushi in ce, "Ai sai da na kwana a kai." Kun ji fa rashin kunya.

To, rana dubu ta ɓarawo. A Gubuchin na yi aikin bikin wata yarinya, bari in kira ta Hadiza. Yarinya mai kunya, sai da na yi ta zolayarta kafin ta ɗago kai, na samu wani hoto tana dariya, kai ba ɗankwali, kafaɗa a waje, lalle ya kama raɗam. Da aiki ya kammala, kun san amarya ba ta fita a kwanakin farko, babbar ƙawarta ce ke zuwa karɓar albam da memori. Ita ce ta zo, in kira ta Rabi, na miƙa mata, har na tsokane ta na ce saura nata.

Ba a jima ba sai ga angon Hadiza a ƙofar shagona, ko zama bai yi ba. Ya miƙo min waya. Hoton nan ne, yana yawo a wani guruf na 'yan kasuwar rake, maza sun yi ta rubuce-rubucen banza a ƙasa. Abokinsa ne ya nuna masa a tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, daga wajenki ya fita?" Na ce, "Haba Malam, ni? Ai ka san aikina. Babu wanda ya taɓa kwamfutata." Ya kalle ni, sannan ya ce, "Na yarda da ke. To wa kika ba memorin?" Na ce Rabi. Da na san inda wannan amsar za ta kai, da na haɗiye ta.

Yana fita na kira mai gyaran. Ko a jikinsa. Ya ce, "Hajjaju, talla kawai na yi a sitatus, mutane su ga hannuna. Ai na goge. Hoton ma ya yi kyau, mene ne abin tashin hankali?" Na buɗe baki zan zazzage masa, sai na tuna hotunan matan gidaje nawa ne a hannunsa, 'yan mata da matan aure har da kakanni. Idan na ɓata masa rai fa? Wallahi ƙarshenta ni na ba shi haƙuri, ina lallaɓa shi ya goge sauran, yana cewa in sha Allah. Ya goge, bai goge ba, Allah kaɗai ya sani.

Yanzu ga inda ake. Angon ya ce Hadiza ta je gida har sai an gano wanda ya fitar da hoton. Ita ta rantse ko wayar kirki ba ta da ita. Sai kowa ya juya kan Rabi, tunda memori ya kwana a hannunta. An ce hassada ce, an ce dama idonta a buɗe yake, an ce abin da ba zan iya maimaitawa ba. Rabin nan an riga an sa mata rana, yanzu dangin saurayinta sun fara jan ƙafa. Ita da Hadiza tun suna tallan gyaɗa suke tare, yau ko gaisuwa babu. Ran kasuwar Makarfi ta tare ni, ta rame, ta riƙe min hannu ta ce, "Anti, ke kin san ni. Wallahi ko buɗe ledar ban yi ba, yadda kika ba ni haka na kai. Ki gaya musu mana." Kun san me na ce? Na ce, "Ki yi haƙuri, gaskiya za ta yi halinta." Ni da gaskiyar ke cikin jakata. Da na koma gida abinci ma ya gagare ni.

Na yi tunanin in fito in faɗa. Amma ba ni kaɗai abin zai ci ba. Sana'ata ta mutu, wannan na sani, na ma haƙura da ita, don kyamarar yanzu nauyi take yi min. Sai dai duk gidan da na taɓa shiga daga Kurmin Kogi har Nasarawan Doya, mai gidan zai san wani ƙato ya ƙare wa matarsa kallo. Aure nawa ne zai girgiza? Mata nawa za a ce su je gida saboda gajiyata? In kuma na yi shiru, Rabi ce za ta ɗauki kayan da ba nata ba har ƙarshen rayuwarta. Gaba kura, baya sayaki.

Jiya mahaifiyar Hadiza ta zo har gida, tsohuwa da ita, ta hau mashin tun daga ƙauye. Ta ce manya za su zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za a kira Rabi da iyayenta, angon ya ce in an tabbatar ita ce zai mayar da matarsa. Ta dafa ni ta ce, "'Yar nan, ke ba ruwanki, kowa ya shaide ki. Ki zo kawai ki faɗa a gabansu wa kika miƙa wa memorin. Ba mu nemi ƙari ba." Na ce to, Inna. Ta yi ta sa min albarka har ta fita, ta ce Allah ya ba ni masu rufa min asiri kamar yadda nake rufa na 'ya'yan mutane. Na ce amin.

Jama'a, ba ƙarya za a sa ni in yi ba. Suna ɗaya zan ambata, Hadiza ta koma ɗakinta, Rabi ta rasa nata. Juma'a jibi ce, kuma na riga na ce zan je. Don girman Allah ku gaya min, me zan yi?