Akwatinku Ya Kusa Haɗiye Muryar Surukata

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin da ke shigo da akwatunan ajiyar bayanai na gida,
Ta hannun duk wanda ya san ƙofar ofishinsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ina gajiya, yaya aiki, yaya kuma aka ji da ruwa? Allah ya sa daminar nan ta yi mana albarka.

Sunana Bulus. Malamin kimiyya ne ni a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, ina zaune a Unguwar Shanu da matata, Maman Godiya, da 'ya'yanmu. Na biyo ta jarida ne don na buga lambarku ta sauraron koke har na haddace kiɗan da kuke sa wa mutum yana jira, yanzu ko a banɗaki shi nake rerawa. Ka kwantar da hankalinka, ba kotu zan kai ku ba, ba kuma kuɗi nake nema ba. Yau cikin farin ciki nake. Amma ƙorafi kam ina da shi, kuma sai na faɗe shi.

Shekarun baya na sayi ɗaya daga cikin akwatunanku, ƙaramar sabar nan mai faifan ajiya biyu da ake jona wa intanet ɗin gida, kowa ya riƙa zuba hotuna da takardu daga wayarsa. A gidanmu ba mai ce masa saba, Rumbu muke kiransa. Yana zaune a kan kanta a falo, kusa da kwandon magani, yana aikinsa ba hayaniya. A cikinsa akwai tarkace iri-iri, amma abu ɗaya ne idan ya ɓace ba za a sake samunsa ba, wato muryar surukata, Kaka Ladi.

A garin su matata, can kudancin Kaduna, amarya ba ta fita daga gidan iyayenta sai tsohuwar gida ta yi mata waƙar rakiya da yarensu, ta kira sunanta, ta kira sunayen matan gidan da suka riga ta fita. Zuwan Kaka na ƙarshe wurinmu, na ganin likita, jikinta ya ba ta cewa ba za ta ga auren 'yarmu Godiya ba. Sai ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta ce in kawo waya in ɗauka. Ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe. Da ta zo wurin sunan ango sai ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce ko wane ne idan ya zo ya cike gurbin da kansa, ta fashe da dariya. Har dariyar tana ciki. Ba ta sake ganin wata damina ba Allah ya karɓi abarsa. Wayar da aka ɗauka da ita kuwa tuni wani ya ɗauke mini nauyinta a cikin Keke, saboda haka waƙar ba ta ko'ina a duniya sai cikin Rumbu. To, ango ya zo, an sa rana, biki ƙarshen watan nan ne.

Na farko, ranka ya daɗe, wa ya ba akwatinku izinin sabunta kansa ba tare da ya tambayi mai gida ba? Wata Asabar da la'asar, ina can wurin masu hayar kujeru, ashe Rumbu ya yanke wa kansa shawarar sauke sabuwar manhajar da ke tayar da shi, abin da yara ke kira abdet. Alamar da ya bayar kawai ita ce wata 'yar fitila kamar ƙwayar gero da ta koma shuɗiya tana ƙyaftawa. Daidai lokacin hadari ya haɗu ta gabas. Ita kuma Maman Godiya, da zarar ta ji rugugi, zagaye gida take yi tana zare duk abin da ke jikin bango: telebijin, firiji, dutsen guga, cajar waya. Ba ta barin ko ɗaya. A wurin Kaka ta koya, don tun tana yarinya tsawa ta taɓa ƙona musu rediyo a gabanta, daga ranar Kaka ta kafa dokar. Ni da nake ganin na iya dabara, na saya wa Rumbu inbata don kada ɗaukewar wuta ta taɓa shi. Na yi tanadin ɗaukewar wuta, ban yi tanadin matata ba. Ta bi wayar wutar Rumbu har jikin inbatar ta zare, ta koma kicin hankalinta kwance.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Da ruwa ya tsaya na dawo gida na mayar da fulogi, sai fankar Rumbu ta ɗauki gurnani kamar injin markaɗe, fitilar ta koma ruwan goro, shi ke nan. Waya ba ta ganinsa, laftof ba ta ganinsa. Na kashe na kunna. Na canza wayar wuta, na canza ta intanet, na canza soket. Ko gezau. Na zare faifan biyu na kunna shi ba komai a ciki, ko zai ji sauƙin kaya ya tashi, ya ƙi. Na kwance murfin na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na jira, na mayar. Na samo tsinken sakace na danna maɓallin da kuka ɓoye a cikin rami a bayansa har tsinken ya karye a ciki, sai da na aro hantsakin girar Godiya na ciro shi. Daga nan na ce bari in jona faifan da laftof in kwashe kayana in huta. Ashe kun kulle su yadda ba abin da zai karanta su sai akwatinku. Laftof ɗin ma har da tambayata ko ina so ta goge su ta gyara mini. Na janye hannuna daga kanta a hankali.

Na uku, littafin bayaninku. Takardar da ta zo a cikin kwali ta ce idan an sami matsala a buɗe cikakken bayani a shafin na'urar. Shafin na'urar kuwa yana cikin na'urar da ta ƙi tashi. Tabɗijam! Wanda ya tsara wannan, don Allah a gaishe mini da shi, a kuma tambaye shi ko a cikin ɗaki yake barin makullinsa idan zai kulle ƙofa. Da ƙyar na sami mutum a layinku, wata baiwar Allah mai ladabi, ita ma ta ce in shiga cikin na'urar in turo mata rahoto.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Da na yi wa ma'aikaciyar taku bayanin yadda abin ya faru, sai ta karanto mini daga takardarta cewa mai amfani ne ya katse wuta ana cikin sabuntawa, saboda haka laifin mai amfani ne. Ban ga laifinta ba, abin da aka rubuta mata ta karanta. Amma na sa wayar a sifika, Maman Godiya kuma tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Yallaɓai, ba ka san matata ba. Mace ce da ba ta rasa amsa. Tun ranar da na shigo da Rumbu take tsokanata cewa na auro ta biyu na ajiye a kan kanta, mai cin wuta ba ta girki. Wannan matar ce ta sauya gaba ɗaya. Ta daina tsokana, ta daina waƙa a kicin, abinci sai ta tsakura ta ture. Na dawo daga makaranta na same ta zaune a gaban akwatin tana kallon fitilar nan mai ruwan goro. Ta ce mini da hannunta ta kashe muryar uwarta, kuma da koyarwar uwar tata ta kashe ta. Na yi lallashi, na yi bayanin kimiyya, na rantse mata waƙar tana nan lafiya a kan faifai, ƙofa ce kawai ta ƙi buɗewa. Ba ta yarda ba, don kamfani ya riga ya ce laifinta ne. Godiya ma ta yi ta maza ta ce a bar shi, wata gwaggo za ta yi mata waƙar, amma na ga idonta lokacin da take faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da ku ya ɓaci.

Na biyar, yadda aka yi ya tashi, don kada ku ɗauka da taimakonku ne. Na yi ta bincike har na faɗa wani dandali na mutanen ƙasashe daban-daban da akwatinku ya yi wa irin wannan tsiya. A can na ji cewa akwai fayil na ceto, kun ajiye shi a wani lungu na shafinku da ba mai kaiwa sai wanda aka nuna wa hanya. A zuba shi a filash, a soka a baya, a danne maɓallin ramin nan, a kunna. Sharaɗi ɗaya ne: idan wuta ta sake yankewa ana cikin yi, to sai dai a yi wa akwatin addu'a.

Batirin inbata ya yi sanyi don wutarmu ta yi tafiya tun safe, saboda haka na tsallaka wurin maƙwabcina Alhaji Sani, tela, wanda yake ɗinka kayan bikin. Da ya ji abin da ake ciki, ya kashe kekunan ɗinkinsa da rana tsaka, ya turo janaretansa har ƙofar gidana, ya cika shi da mai, ya ja kujera ya zauna kusa da shi yana gadi. Na soka filash, na danne maɓalli, wannan karon da allura, na kunna. Fitila ta koma shuɗiya ta fara ƙyaftawa.

Sai ga rugugi. Allah shi ne shaida, ban ƙara ko kalma ba. Gari ya yi duhu, iska ta taso, Alhaji ya ruga ya kawo ledar shagonsa ya riƙe a saman janareta, rigarsa tana jiƙewa. Na waiga na ga Maman Godiya ta miƙe tsaye, ƙafarta ta riga ta nufi bango da kanta. Ta tsaya. Ta dubi soket, ta dubi taga, ta dube ni. Sai ta jawo kujerar tsugunno ta ajiye a gaban soket ɗin, ta ba shi baya, ta zauna a kan hannuwanta biyu. Duk tsawar da aka yi sai ta runtse ido ta kira sunan Allah, amma ba ta motsa ba. Tun da na aure ta ban taɓa ganin fulogi ya wuce hadari a jikin bango ba sai ranar.

Can sai fanka ta lafa, akwatin ya yi ɗan ƙara, fitila ta koma koriya. Na buɗe wayata, ga Rumbu, ga kayanmu kamar ba abin da ya faru. Na danna waƙar. Muryar Kaka ta cika falo ana ruwa, ta kira sunan Godiya, ta zo wurin ango ta yi shirunta, ta saki dariyar nan. Matata tana kuka tana dariya, Godiya ta rungume ta. Alhaji Sani yana bakin ƙofa sharkaf, bai san ko kalma ɗaya ta yaren ba, shi ma yana share ido yana cewa ruwan sama ne. Kafin a ɗauke ruwan na tura waƙar wayar kowa a gidan, har da ta Alhaji, har da ta ango.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ku sa akwatinku ya riƙa neman izini kafin ya sabunta kansa, kuma idan ya fara, ya turo saƙo a wayar mutanen gida da harshen da suke ji, ba ƙyaftawar fitila ba. Ku tuna cewa a nan wuta ba a hannunmu take ba, kuma akwai gidaje da yawa da ake zare fulogi idan hadari ya taso, masu yin haka kuma hankali ne ya sa su. Ku buga hanyar ceto a kan takarda ku sa a cikin kwali. Ku daina kulle wa mutum kayansa a faifan da ya saya da guminsa.

Roƙo na ƙarshe shi ne babba, kuma ba zai ci muku komai ba. Ku rubuto wa Maman Godiya layi biyu, da hatimin kamfani, ku ce mata ba laifinta ba ne. Ni na faɗa ta ƙi ji, ta ce miji ne dole in faɗa. Ku kuka ɗora mata, ku ya kamata ku sauke. Tsokana ta dawo, waƙar kicin ta dawo, amma jiya da aka yi rugugi na gan ta tsaye a tsakiyar falo ta rasa abin yi, tana tambayata ko ta zare ko ta bari. Matar da ba ta taɓa neman izinin kowa a kan wannan ba. Na ce ta zare, yadda Kaka ta koya mata, don na riga na hana Rumbu sabunta kansa.

Idan takardar ta iso kafin biki, za a karanta ta a gaban dangi, kuma kujerarka tana nan, ka zo ka ci shinkafa ka ji muryar da akwatinku ya kusa haɗiyewa. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci kasuwancinku, ya tsare iyalinka. Allah kuma ya bar maka muryar iyayenka a inda hannunka zai kai gare ta duk ranar da ka yi kewarsu.

Wassalam.

Naka,
Malam Bulus, Baban Godiya,
Unguwar Shanu, Kaduna.